Ƙibar da Aka Yi Ta Yi Mini Barka da Ita

Ƙas! Ƙarar da gwiwata ta dama ta yi ke nan, wata safiya da na miƙe daga bakin murhu riƙe da tukunyar ruwan zafi. Ba wata ƙara ce ta a zo a gani ba, ni kaina da ban kula ba. Sai dai Inna na zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki tana tsintar wake, kuma kunnenta ya fi na kowa ji. Inna mahaifiyar maigidana ce. A Liba take zaune, can ƙasar Maiyama, ta zo mana kwana biyu nan Jega Firchin don ta ga jikarta Nana.

Ta ɗago kai ta tambaye ni tun yaushe gwiwar ke wannan kuka. Na ce ta kai shekara tana taɓa ni, musamman in na daɗe a tsugune wajen wanki.

"Sanyi na, ɗiyata," in ji ta. "Tun haihuwar Nana na ce wankan jegonki bai cika ba, kunka yi gaggawar komowa. Bari in koma gida, akwai wani gari da ni ka sha."

Sati bai zagayo ba sai ga saƙo a motar kasuwa: ƙullin leda, garin magani ruwan ƙasa mai ƙanshin citta da kanumfari. Ta aiko a ce mini ƙaramin cokali ɗaya a kunu kowace safiya. Wani mutum ne ke sayar da shi, yakan zo da mota mai lasifika ranar kasuwar Maiyama, yana rantsuwa cewa saiwoyi ne zalla, babu hannun Bature a ciki. Na sha da bismilla. Kwana uku, wallahi kamar an ɗauke mini dutse daga gwiwa. Na kira Inna na yi ta godiya, ita kuma daga nan ba ta ƙara bari ƙullin ya yanke mini ba.

Ina rubuta wannan ne don 'yan uwana mata, ko Allah zai sa wata ta gane da wuri abin da ni ya ɗauke ni kusan shekara.

Wata na uku da fara sha, rigunana suka fara matse ni. Mun je suna Aliero, inda Baban Nana ke sayen albasa yana lodi zuwa kudu, sai mata suka yi mini caa. Wata abokiyar wasansa ta kama kumatuna ta juya ni gaban mutane, tana cewa duk mai son ya san ko albasa ta yi kuɗi bana ya zo ya ga shaida. Aka yi ta dariya ana yi mini barka, wasu har da tambayar me nake ci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Tun ina 'yar makaranta ake ce mini tsinke, yau ga ni an sa a layin matan da aka iya riƙewa.

Daɗin bai daɗe ba. Na hau sikeli a kemis na unguwarmu, na ga daga kilo hamsin da takwas na kai sittin da bakwai. Na yi sakandare, kuma ban manta abin da aka koya mana a darasin kiwon lafiya ba: jiki ba ya ƙaruwa haka sai an ƙara masa wani abu. Ni kuwa ban ƙara komai ba. To amma na ce bari in fara da laifin kaina.

Maƙwabciyata Larai tana da hawan jini, an ce ta riƙa tafiyar ƙafa. Na nemi izinin maigida na bi ta. Kullum bayan sallar asuba, da gari ya ɗan yi haske, mu sa hijabi da takalmin roba mu miƙe har bakin titin Aliero mu dawo. Na daina kai dawa inji, na koma daka da hannuna. Na bar fura, na bar sukari, na bar ƙosai da duk abin da aka soya. Tuwo sau ɗaya a wuni, malmala guda ƙarama. Sauran kuwa kwaɗon zogale ne, da wake, da kifi in an samu, da ruwan ɗumi da lemun tsami. Ga wata irin yunwa da ban taɓa sani ba, amma na danne ta. Kuma saboda tafiyar ta fara tayar mini da gwiwa, sai na mai da garin Inna cokali biyu, don kada ciwo ya hana ni motsa jiki.

Wata biyu muna haka. Larai ta sauke kilo huɗu. Ni na ƙara shida.

Kuma ƙibar ba irin ta mutane ba ce. Fuska ta cika ta yi kewaye kamar faifai, wani tudu ya fito a bayan wuyana, ciki ya turo gaba, amma hannuwa da ƙafafu sai ƙara sirancewa suke yi. Wasu layuka masu launin jini-jini suka tsaga gefen cikina, faɗinsu ya kai yatsa. Ƙofa in ta ɗan goge ni sai wurin ya tara jini. Ƙishirwa ba ta ƙarewa. Al'ada ta ɗauke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Ruku'u sai numfashi ya sarƙe, in na yi sujada kuma sai na dafa bango kafin in tashi. Wata la'asar na kasa tashi gaba ɗaya, na ƙarasa a zaune. Shekarata talatin da ɗaya. Bayan sallama na ɗaga hannu na roƙi Allah abu ɗaya: Ya nuna mini abin da ke kumbura ni tun bai kwantar da ni ba. Na kuma yi wa kaina alkawari ba zan zauna ba sai na sani.

Shawara kam na sha ta. Yayata ta ce ciki ne ya kwanta, in daina wahalar da kaina. Na yi awo sau biyu, babu. Wata gwaggona ta ce jiƙon tsamiya. Wata ta ce bakin mutane ne tun ranar sunan nan na Aliero, a karɓo rubutu. Na sha rubutu, don ayar Allah ba ta cutarwa. Baban Nana kuwa cewa yake yi ina neman ciwo inda babu, mata nawa ke sayen maganin ƙiba da kuɗinsu, ni Allah Ya ba ni kyauta ina kuka.

Da kyar ya yarda muka je asibiti. Na karɓi kati tun hantsi, ban ga likita ba sai bayan azahar. Aka auna jini aka ce ya hau, suga ma ya ɗan hau. Wanda ya duba ni bai ɗago kai sosai ba, ga layi har waje, ban ma ga laifinsa ba. Ya ce, "Hajiya, a rage tuwo, a riƙa motsa jiki." Na fito na zauna a benci hawaye na zuba. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Da na koma gida na sayi littafin rubutu mai fallen ashirin. Sati uku ina rubuta duk abin da ya shiga bakina, da awa nawa na yi tafiya, da abin da sikeli ya nuna. Na koma da shi. Wannan karon likitan ya karanta, ya dube ni da kyau, ya ce in nuna masa hannuwana. Sai ya rubuta takarda zuwa wani babban asibiti a Birnin Kebbi. Allah Ya saka masa da alheri. Amma a littafin nan, kowace safiya abin da na rubuta shi ne "kunu, kofi ɗaya". Garin da ke cikin kunun ban rubuta shi ba, don a lokacin ko a raina bai zo ba.

A Birnin Kebbi likitar mace ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta duba wuyana, ta duba layukan cikina, ta sa na tsuguna in tashi ba tare da dafa komai ba, na kasa. Sannan ta zauna ta tambaye ni a hankali ko akwai wani magani da nake sha kullum, na asibiti ko na kemis ko na gargajiya, ko da na shafawa ne.

Nan take ƙullin ledar ya faɗo mini a rai. Amma Baban Nana na tsaye a bayana da hularsa a hannu. Yaya zan buɗe baki a gabansa, gaban baƙuwa, in ɗora zargi kan abin da uwarsa ta aiko? Matar da ke tsakurar kuɗin gyaɗarta tana saya mini, wadda ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai ɗiyata. Na sunkuyar da kai na ce babu. Likitar ta kalle ni, sannan ta rubuta gwajin jini. Ɗaya daga ciki sai an kai Sakkwato, sakamako sai bayan kwana goma. Tunkiyar da nake kiwo don layya, a nan ta tafi.

A mota muna dawowa na yanke shawara ni kaɗai. Zan daina shan garin a ɓoye. In shi ne, jiki zai sauka, ba wanda ya ji, ba wanda ya ji kunya. Na ga kamar na yi dabara.

Kwana biyu na farko kasala ce kawai da ciwon gaɓoɓi. Na uku na kasa cin komai. Na huɗu amai ya fara, kaina na juyawa in na miƙe. Rana ta biyar da hantsi na fito tsakar gida zan ɗebi ruwa a randa, abin da na sani ke nan. Larai ce ta jiyo kukan Nana ta shigo ta same ni kwance gefen turmi, jikina sanyi ƙalau. Aka sa mini ruwa a asibitin kusa, jinin da ya hau yanzu ya faɗi ƙasa warwas, suka ce a wuce da ni Birnin Kebbi.

Washegari da na dawo hayyacina, likitar nan ce tsaye a kaina da takarda. Ta matsa aka karanto mata sakamakon ta waya. Ta ce wa Baban Nana ya ɗan ba mu wuri, ta ja labule, ta zauna a bakin gadon. Maganarta har yau tana kunnena.

"Akwai wani sinadari da jiki ke yi da kansa. Jikinki ya nuna kamar ya yi miki yawa, jininki kuma ya nuna kusan babu shi. Ma'ana daga waje yake shigowa, har jikinki ya daina yin nasa. Kuma kwanan nan kin daina sha. Ba faɗa zan yi miki ba, faɗa mini kawai."

Na faɗa mata komai, ina kuka. Ta aika Baban Nana Jega ya ɗauko sauran ƙullin. Da ya kawo ta zuba kaɗan a farar takarda ta baza da bayan biro. Ga su nan, ƙananan fararen ɓarɓashi a cikin garin, wani ma da ragowar gefen ƙwaya a jikinsa. Ta ce ga dukkan alama ƙwayoyin sitiroyid ne aka daka aka gauraya da citta. Magani ne na gaske, suna ba da shi a asibiti da awo da ƙa'ida, yana kashe ciwo nan da nan, shi ya sa masu haɗin ke son sa. Sannan ta ce abin da nake so kowa ya riƙe: "Wanda ya daɗe yana shan wannan ba ya dainawa rana ɗaya. Sauka ake yi a hankali, kamar daga tsani. Ke tsalle kika yi, Allah ne Ya tare ki."

Kwanana shida a gadon. Baban Nana ya bar lodin albasa ya zauna, shi ke kai ni bakin banɗaki, shi ke bare mini lemu. Bai ce mini don me na ɓoye ba, ni ma ban ce masa don me bai yarda da ni tun farko ba. Sai ranar da za a sallame mu ya ce ya yanke shawara: Inna ba za ta ji wannan magana ba, don zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Zai je Liba ya kwashe garin da ke ɗakinta ya zubar, ya ce mata an hana sayar da shi, shi ke nan.

Sai a lokacin fuskar Inna ta dawo mini, yadda ta cika ta yi kewaye shekarun nan, muna ta cewa tsufa ya karɓe ta. Da siraran hannuwanta. Ita ta riga ni fara sha da fiye da shekara. In ya zubar mata da garin, abin da ya kayar da ni gefen turmi zai same ta a Liba, inda mota sai an yi sa'a, ga damina ta ɓata hanya.

Ban taɓa musu da shi a kan mahaifiyarsa ba, ranar na yi. Na ce kunya ta kusa kashe ni, ba zan bari ta kashe Inna ba. Na roƙi likita ta maimaita masa da bakinta. Ta ce kada tsohuwa ta daina sha ko na kwana ɗaya har sai an kawo ta. Ya ce to shi ba zai iya kallon idonta ya faɗa mata ba. Na ce ni zan faɗa, ya kai ni kawai.

Kwana uku da sallama muka tafi. Daga Maiyama zuwa Liba mun sha caɓi, sau biyu ana sauka a tura mota. Muka same ta ƙarƙashin dogonyaro tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa gaisuwa da kyar. Baban Nana ya gaishe ta ya zame, wai zai duba gona. Na bi ta ɗaki, na zauna a ƙasa, na fara tun daga farko, ina zaɓen kalmomi. Ta saurara har na gama, fuskarta ta ɗaure.

"Wato ni na ba ki ciwo."

"Ba ke ba ce, Inna. Ke lafiya kika nema mini. Wanda ya sayar miki ne ya ci amana."

"Shekara biyu ina shan abin ga. Mi ya same ni? Likitocinku dai ba su son a sha na gida."

Na ga magana ba za ta kai ba. Sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi a gaban surukata ba. Na tashi na saki labulen ƙofa, na ɗaga rigata na nuna mata cikina. Ta daɗe tana kallon layukan. Can sai ta sassauta ɗaurin zanenta ta ɗan ja shi ƙasa. Ga su nan a jikinta, irinsu ɗaya, har sun fi nawa yawa. Ta ce ita ta ɗauka na tsufa ne. Ta nuna mini wani miki a ƙwaurinta da kara ya yanke ta tun girbin bara, bai rufe ba har yau. Ta ce ga ƙishirwa, butar ruwa ba ta kai mata ko'ina.

Sai ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo kwanon da take ajiye garin, ta nufi ƙofa za ta watsar. Na riƙe hannunta.

"A'a Inna, yau sai kin sha. Gobe ma sai kin sha, har mu je gaban likita."

"Ke ɗiyar ga, kin ce guba ta, kuma kin ce in sha?"

Na ba ta labarin faɗuwata gefen turmi, da maganar tsani. Ni da hannuna na dama mata kunu na zuba cokali ɗaya. Ta karɓa ta sha tana hawaye, tana cewa in yafe mata. Na ce babu abin yafewa tsakaninmu. Washegari muka taho da ita.

Yau wata bakwai ke nan. Inna na gidanmu. An same ta da suga sosai, an ɗora ta kan magani, mikin ya rufe bayan wanki na sati shida. Ni da ita aka ba mu ƙwayoyi na asibiti, ana rage mana kaɗan-kaɗan duk zuwa. Saukar ba daɗi. Akwai satin da gaɓoɓina suka yi ciwo har na ji ina kewar garin maganin nan, Allah Ya gani. Zirga-zirgar Birnin Kebbi duk sati biyu ta cinye ribar albasar da aka yi ta yi mini barka a kanta. Layin kati bai ragu ba, kuma har yanzu ina jin haushin yadda mai lasifikar nan ya ɓace, wataƙila yana wata kasuwar yana rantsuwa. Amma na sauke kilo tara, fuskata ta fara dawowa tawa, layukan sun koɗe sun yi fari. Na koma tafiya da Larai. Gwiwar ma an duba ta, aka koya mini motsin da zan riƙa yi mata. Tun watan jiya nake salla a tsaye, in tashi daga sujada ba dafa bango. Alhamdulillahi. Inna kuma da bakinta ta aika wa matan Liba, huɗu daga cikinsu sun je an duba su.

'Yar uwa, in kina ƙaruwa alhali kin san ba ki ƙara ci ba, kada barka ta rufe miki ido. Duk abin da kike sha kullum, ko wa ya ba ki, ko uwarki ce, ki faɗa wa likita. In kunya ta hana ki, ki ce a ba ku wuri. Kuma kada ki yi irin dabarata ki daina a ɓoye.

Kowace safiya bayan karin kumallo, ni da Inna mukan zauna a tabarma ɗaya a ƙofar ɗakinta, kowa da kofin ruwanta, mu yi bismilla mu haɗiye tare. Nata zai ɗauki wasu watanni, don ta fi ni daɗewa. Shekaranjiya nake gaya mata likita ta ce in Allah Ya yarda ƙarshen watan nan zan gama nawa. Ta ce madalla, ta juya tana gyara ɗankwali. Nana na gefe tana sa takalmin makaranta. Da na raka ta zaure sai ta ja hijabina, ta yi ƙasa da murya.

"Umma, in kin gama naki kar ki daina zama wurin. Inna ba ta son sha ita kaɗai."